Adakar Kawu Mai Piyano

Na Allah ne mu, kuma a ƙofarsa kowa zai sauke kayansa. Kawu, yayan mahaifiyata, ya sauke nasa wata Talata da hantsi, cikin kaka, ana tsakar yankan hatsi, a gidansa na Dogon Dutsi. Ya haura shekara tasa'in. Bai yi doguwar jinya ba. Ya sha kunu, ya ce a gyara masa matashi, shi ke nan.

Kwana uku ina zaune a tabarmar mata ina amsa gaisuwa, kunnena kuwa yana zaure. Limamin unguwa ya ce tsoho ne mai tsabta, ba ya fashin sahu. Gaskiya ne. Ƴan kasuwa sunka ce ba a taɓa jin shi da kowa ba. Wannan kam ba gaskiya ba ne, amma ranar makoki ce, na bari. Wata Hajiya, matar wani tsohon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa, ta ce a hankali, "Da kiɗinsa na haɗu da uban ɗiyana, wurin rawa a Yamai." Sai ta waiga hagu da dama, ta gyara hijabi, ta ce, "Allah dai shi yafe muna."

Wani baƙo da ya biyo abokinsa gaisuwa ya tambaya mi ne aikin marigayi.  Can wani ɗan baffanmu ya yi gyaran murya, ya ce, "Ya yi zaman Abijan."

Kamar zama sana'a ne.

To ni zan faɗa, tunda maza sun kasa. Kawu makaɗi ne. Piyano yake kaɗawa, irin kiɗin da ake kira jaz, kuma shi ne mai shirya wa ƙungiya kiɗinta. Shekara sittin yana wannan aiki. Ni ba malama ba ce, karatun manya na yi bayan na haifi biyar, hannuna har yau yana nauyi a kan kaye, littafin rubutu. Amma ba zan bari a rufe mutum sau biyu ba, sau ɗaya da ƙasa, sau ɗaya da shiru.

A Lugu anka haife shi, gidan manoma. Gidanmu ba gidan roƙo ba ne, kuma wannan magana ta bi shi har tsufansa. Yana yaro anka kawo shi lakwal Dogon Dutsi, a nan ya ga wani fada na mishan yana danna akwatin kiɗi da yatsu yana taka shi da ƙafa. Ya ce kwana arba'in yana laɓewa bayan taga kafin a ce ya shigo. Daga nan Yamai, daga Yamai bakin teku. Kakanmu ya ce ɗa ya lalace, ya zama maroƙin Nasara. Da maganar ta kai masa, ya aiko da amsa: "Ku gaya wa Baba ban taɓa kiran sunan kowa don ya ba ni riga ba."

Na taɓa tambayarsa mi ne shirya kiɗi, tunda kowa da abin kiɗinsa a hannu. Muna tsakar gida, mata uku suna lugude a turmi guda. Ya nuna su da baki.

"Ɗiyar ƙanwata, kin ga waɗancan? Su ne malamaina. Turmi guda, taɓarya uku, ba wadda ta buge hannun wata. Wagga ta sauka, waccan tana sama, ta uku ta jefa tata ta yi tafi ta cafe. Jefawar nan da tafin, shi ne jaz, ba wanda ya sa ta, ranta ya ba ta. Ni kuwa aikina in rubuta wa kowa lokacin saukarsa, don kada a fasa turmin."

Haka yake aiki. Ba ya ƙirƙiro waƙa daga iska. Sai ya zo gida hutu, ya zauna kusa da dutsen niƙa ko bakin rijiya da takarda mai layi biyar-biyar, fensir a bayan kunne. Mace tana waƙarta, shi yana ɗiga baƙaƙen ɗigo. In ta ga yana rubutu ta yi shiru don kunya, sai ya juya mata baya ya yi kamar yana gyaran takalmi, har ta manta da shi ta ci gaba. Daga baya ya raba waƙar: nan na masu busa, nan na mai ganga, nan nasa. A saman kowace takarda yakan rubuta da Hausa wadda ta yi waƙar da inda ya ji ta. Ya ce wanda ya ci tuwo bai tambayi wa ta tuƙa ba, ɓarawo ne mai ladabi.

Wannan ɗabi'a ce ta haɗa shi da autarsu, wadda muke kira Inna ta Lugu. Ita ta riƙe abin gidan, ƴar bori ce tun tana budurwa. Kawu ya je wasa a Lugu, ya zauna bayan mai goge da takardarsa. Bayan shekara Inna ta ji kiɗin Doguwa yana fita daga rediyo da ƙahonin Turawa. Ta hau mota ta iske shi hutu a Dogon Dutsi, ko ruwa ba ta karɓa ba.

"Ka kira ta cikin otal, gaban mashaya. In ta zo, mi za ka ba ta? Kwalba?"

"Ban kai ƙarshe ba," in ji shi. "Gaɓar da ake kira da ita na cire. Sallama na yi daga waje, ban shiga ba."

"Wanda ya yi sallama ai ya ta da mai gida."

Damina bakwai ba ta ci abincin gidansa ba. Ranar da ta huce, ba ta ce ta huce ba. Ta shigo, ta ja kwanon da ke gabansa, ta kai loma, ta ce miyar ba gishiri. Shi kuma tun daga nan bai sake taɓa kiɗin iskoki ba, amma takardun da ya riga ya rubuta bai yage ba. Ya ce abin da kunne ya ji ya ji.

Da ya dawo gida gaba ɗaya, da piyanonsa ya dawo a bayan babbar mota, an naɗe ta da katifu kamar mai jinya. Unguwa duk ta fito kallo. Ya sa ƙafafunta cikin gwangwanayen baƙin mai saboda gara. Maƙeri ya ƙera masa wani ɗan ƙarfe da yake ɗaure wayoyinta. Zafin bazara ya kashe haƙoranta uku, sai ya riƙa kewaye su in yana kiɗi, ya ce kowane gida akwai ɗakin da ba a shiga. Gara dai ta yi haƙuri ta fi shi. Shekarun ƙarshe piyano ta zama wurin aje kwanoni, shi kuma yana kiɗinsa a kan gwiwoyinsa, bakinsa yana motsi. Faifan da sunka yi a bakin teku ba mu san inda sunka shiga ba. Kaset ɗin gida zafi ya cinye. Abin da ya rage duka, takardun nan ne, cikin adakar ƙarfe mai ruwan ganye a ƙarƙashin gadonsa.

Lokacin da na shiga karatun manya, mata sa'o'ina suna mini dariya, wai tsohuwar akuya da sabon turke. Kawu ne ya feƙe mini fensirina na fari. Da yanar ido ta kama shi, ya ce, "Yanzu za ki biya ni fiƙata." Duk Juma'a bayan an sauko, in jawo adaka, in riƙa karanta masa abin da ke saman takardu ɗaya bayan ɗaya, shi yana cewa a sa wagga sama, waccan ƙasa. Ɗigon ban iya ba, baƙin kawai na iya. A nan na tsinci wadda anka rubuta wa: "Ƙanwata tana niƙa, shekarar da ruwa ya makara." Uwata ke nan. Ta rasu ina goyon na biyu. Na ce ya rera mini. Ya rera, da muryarsa da ta tsufa, sai ga ta ta dawo mini har da inda take jan numfashi. Ban yi kuka a gabansa ba. Na ce zan duba tukunya.

Kawu bai bar ɗa na cikinsa ba. Ɗan farina ya riƙa. Haka ake yi a wurinmu: ana yaye shi anka kai shi gidan. Ɗan fari kuwa akwai kunya tsakaninsa da uwa. Ba na kiran sunansa, ba na duban idonsa, ba mu zama tabarma guda, ba na gardama da shi. Shi kuma Yaya yake ce mini, yadda ya ji ana faɗa. A gindin piyano ya girma. Ya iya karanta ɗigo kafin ya iya karanta baƙi, kuma Kawu da bakinsa ya ce kunnen yaron ya fi nasa. A Arewa duka ban san wani da ya iya karatun nan ba bayan su biyu.

Ya girma ya shiga kasuwa, yana sayo kaya daga ƙetaren iyaka. Can ya haɗu da masu wa'azi, ya ɗage wando, ya bar gemu, ya bar kiɗi. Ba zan ɓata shi ba, mutumin kirki ne. Shi ke yi wa Kawu wanka da ya tsufa, shi ke yanke masa farce, shi ke ɗaukar shi a moto, wato babur, zuwa masallaci yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Bai taɓa ɗaga masa murya ba. In dai Kawu ya buɗe piyano, sai ya ɗauki takalmansa ya fita. Na yi wa Kawu ƙorafi sau ɗaya. Ya ce, "Ƙyale shi. Ni ma na aje hauyar ubana. Na san zafin abin, ba zan ɗanɗana masa ba."

Ranar uku bayan la'asar, mutane sun ragu, sai ga ɗan fari a bakin ƙofar ɗakin da nake. Ya tsaya yana kallon bango, ni ina kallon tabarma.

"Gobe za a ƙone takardun," ya ce. "Magada sun bar mini maganar."

Ya ci gaba, har yanzu yana kallon bango.

"Abin da mutum ya bari yana bin shi. Wanda ya bar rijiya, lada ke bin shi. Wannan kuwa, duk ranar da wani ya ɗauka ya kaɗa, a kansa za a rubuta. Shi ya goya ni. Ba ni iya cin abinci in na tuna shi kwance can, abu yana ta iske shi."

Don ƙaunar Kawu yake faɗa. Da ƙiyayya ce da abin ya zo mini da sauƙi. Na ce wa tabarma, "An ji."

Washegari da hantsi anka jawo adaka bayan gida, inda ake tara kara. Abokansa ƴan kasuwa su huɗu sunka zo taya shi. An hura wutar. Mu mata muna leƙe ta kan darni. Ɗayansu, wani dogo mai sayar da salula, ya buɗe murfin ya ɗauko takarda. Sai ya ja baya, ya riƙe ta da bakin yatsu.

"Subhanallahi. Ku zo ku ga hatimi. Layi biyar-biyar, ga ƙulli, ga ƙulli, kowane da wutsiya."

Wani ya leƙa, ya karanta saman. "Doguwa. Ai ga shi har sunanta ya rubuta."

"Daman ɗan Lugu ne. Ashe tsoho sahu yake bi da rana, ga abin da yake kwana a kai."

Ana haka Inna ta Lugu ta ratso da sandarta. Ta zo makoki tun ranar fari, ba mai kula ta sai mu. Ita ba ta san darni ba, inda ta so nan take bi.

"Kada wanda ya sa wuta, ɗiyan banza. Iskoki ɗaure suke a ciki. Kun ƙone igiya, dabba ta kwance, cikinku wa zai tare? A ba ni in kai gindin tsamiya in rufe, in yi abin da ake yi."

Dogon ya tafa hannu. "Kun ji ko? Ita ma mai abin ta shaida."

Shekara da shekaru waɗannan samari da wannan tsohuwa ba su taɓa yarda da juna a kan ko launin nono ba. Ranar da sunka yarda, a kan ƙarya sunka yarda. Na san kafin azahar magana ta kai tasha, kafin magariba ta kai Ɗan Kassari: tsohon nan ashe boka ne, da iskoki cike da akwati. Takardu su tafi, sunansa ya bi su. Kuma ga mutum guda da ya san gaskiya yana tsaye, kansa a ƙasa, yana tura kara cikin wuta da ƙafa.

Ban san lokacin da na kewaya darnin ba. Na tsaya gabansa, na dubi idonsa, na kira sunansa.

Shekara arba'in da ɗaya sunan yana bakina bai fita ba. Ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Inna ta sa hannu ta rufe bakinta. Samarin sunka sunkuyar da kai, don ko su sun san ba abin ji ba ne. Shi kuwa ya tsaya kamar an watsa masa ruwa.

Na duƙa na tona adaka. Na san inda take, ni na aje ta. Na miƙa masa.

"Karanta."

"Yaya…"

"Ka iya. Shi ya koya maka. Ana ce wa wanda ya goya ka boka, kana tsaye. In boka ne, ka faɗa in ji daga bakinka. In ba shi ba ne, ka gaya musu mi ke cikin wagga takarda."

Ya karɓa. Ya daɗe yana dubawa. Na ga idonsa yana tafiya daga hagu zuwa dama, yana saukowa layi na gaba, leɓensa yana ɗan motsi ba sauti.

"Ba hatimi ba ne," ya ce.

"To mi ne, Malam?" in ji dogon.

"Waƙa ce. Ta niƙa. Ɗigon nan murya ce, in ya hau ta hau, in ya sauka ta sauka. Nan da kunka ga fili, nan take shan iska ta tura dutse. Duk abin da ke cikin adakar ga haka yake. Har na Doguwar, kiɗin goge ne kawai anka rubuta. Ba a ɗaure kowa a ciki ba."

"Wa ke niƙan?"

"Kakata."

Inna ta Lugu ta karɓi takardar, ta kai ta kusa da ido, ta juya ta sama ta koma ƙasa. "Yayata ce cikin wannan kashin ƙudan?"  Ta goge takardar da bakin zanenta kafin ta mayar mini.

Ɗan fari ya ce, yanzu ni yake kallo, "Na faɗi gaskiya, Yaya. Amma kiɗi kiɗi ne. Ban canza magana ba."

"Ban ce ka canza ba. Ka ce abin da mutum ya bari ke bin shi. To bai bari ba, ni na ɗauka. Ga shaidu. Kawu ya tafi, ɗansa ya hura wuta, ni na hana. In da abin rubutawa, a rubuta a kaina."

Dogon ya ce, "Hajiya, ai ba haka hukuncin yake ba."

Na ce, "Ban je Makka ba, ɗana, kuma ban tambaye ka ba."

Na mayar da takardu, na rufe murfi, na naɗe mayafina na yi gammo. Na kama hannun adaka na ɗaga. Ko motsi mai kirki ba ta yi ba. Aikin shekara sittin ne, ni kuma na kusa sittin ɗin. Na sake gwadawa, ta taso ta koma. Samarin suna tsaye, kowa yana jiran ya ga abin da Malaminsu zai yi. Wutar tana cin kara ita kaɗai.

Na tsuguna kusa da adaka, gammo a kaina, yadda mace ke tsugunawa a bakin rijiya ko a gona. Na ce, "Aza mini."

Ɗan fari ya dubi abokansa. Ya dubi wutar. A ƙasarmu ba a wuce mace tsugune gaban kaya, ko ba ka san ta ba, ko da gaba tsakaninku. Ya naɗe hannun riga, ya ce bismillahi, ya kama gefe guda na kama gefe guda. Da ta hau kaina bai saki ba sai da na miƙe, ƙafafuna sunka tsaya. Sannan ya janye hannunsa a hankali.

Ban bi ta lungu ba. Ta babbar hanya na bi, rana tsaka, gaban masu shayi da masu moto. Wata mai ƙosai ta ce, "Sannu da kaya, mi anka samo?" Na ce, "Kiɗin Kawu ne." Na faɗa yadda na bayanta ma za su ji. Wuyana ya yi mako yana ciwo.

Adaka tana ɗakina yanzu. Ɗan fari yana zuwa gaisuwa kamar kullum, ya tsaya a bakin ƙofa. Bai tambaya ba, ban tayar ba. Sunansa kuma ban sake kira ba, sau ɗayan nan ya isa.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya ƙasar da ke kansa. Ka sa wa wanda ya aza mini albarka, ka kwantar masa da rai a kan tsohonsa. Ni kuwa da na ɗauka, na san abin da na ɗauka.